Saukar da Yaya Nasiru bai fasa ba

Bana shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar yayana Nasiru, matuƙin ƙaramin jirgin sama, wanda iska ta kifar da jirginsa yana sauka a Inugu. Allah ya jiƙansa.

A unguwar Coal Camp da ke Inugu aka haife mu. Mahaifinmu dillalin shanu ne, kuma har ya rasu bai gane abin da ya kai ɗansa sama ba. Yaya Nasiru a Fatakwal yake aiki, yana jigilar ma'aikatan wani kamfani. Da matarsa Rabi ta haihu a gidanmu, sai ya yi musayar aiki da wani abokinsa don ya kawo jirgin Inugu da safiyar ranar suna.

Mu nan kudu da sassafe ake raɗin suna, domin mahauta da 'yan kasuwar Ogbete su samu su buɗe rumfunansu. Ranar an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, an ɗaure rago. Rana ta ɗaga, ba wanda ya tashi, saboda an ce uban jaririya na hanya. Yaya ya san mutane na zaune suna jiransa.

Sauran labarin daga bakin mataimakinsa na ji, wanda Allah ya yi wa sauran kwana. Hadari ya taso gabas da gari, iskarsa na bugun titin saukar daga gefe, ta zo da ƙarfi, ta ɗauke, ta sake zuwa. A irin wannan hali matuƙi kan karkata hancin jirgi wajen iskar, sai dab da ƙasa ya miƙe shi. Idan iskar ta sauya a daidai lokacin, ba shi da sararin gyara. Yaya ya gwada sau ɗaya, bai gamsu ba, ya sake tashi. Mataimakin ya ce, "Oga, mu koma Fatakwal, man zai kai mu." Yaya ya ce, "Dattawa sun bar kasuwa suna jirana." A gwaji na biyu tayar dama ta taɓa ƙasa, iska ta shiga ƙarƙashin fiffiken hagu ta ɗaga shi, na dama ya daki titi, jirgin ya juya ya bar hanya.

Abincin sunan shi masu ta'aziyya suka ci. Bayan jana'iza liman ya raɗa wa yarinyar A'isha, muke kiranta Nana.

Yanzu Nana ta gama sakandare, kuma ta ce tuƙin jirgi za ta koya. Rabi ta ƙi. Suka kawo maganar gabana, tunda ni ne a matsayin uba.

"Baffan Nana, kai ka fi kowa saninsa," in ji Rabi. "Da yana raye, zai bar ta?"

Nana ta ce, "Baffa, babur ɗin okada fa na kashe mutane kullum a garin nan, kuma a kansa na yi ta zuwa makaranta."

"Rufe min baki, sarkin wayo," in ji uwar.

Na daɗe ina juya tambayar. Ina jin da zai yi murna, ya kuma ɓoye murnar don kada Rabi ta gani. Da zai yaba na'urorin yanzu da ke nuna yanayi tun kafin a tashi, amma ya san ba rashin na'ura ya kai shi ga gwaji na biyu ba. Mutum ne da ba ya iya barin babba a zaune yana jiransa. Wannan halin ya sa har yau tsofaffin mahauta ke sa masa albarka idan na ratsa Ogbete, kuma shi ne ya hana shi juyawa. Nana ta gado shi kaf, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Haka na faɗa musu, ban rage komai ba. Na ce ni na yarda, in dai za ta koyi fasa sauka ba tare da jin kunyar kowa ba.

Rabi ta dubi 'yarta. Can ta goge ido da gefen mayafi.

"To, ta je," ta ce. "Amma duk ranar da za ta dawo gida, kada wanda ya gaya mata muna jira."