Wa Ya Tsinke Ɗanyen?

Ranar da mai gidan da muke haya a Samaru ya ce ya sayar da shi, ban tuna da kujeru ko gado ba. Mama ce ta faɗo min a rai, sai kuma bishiyar lemun tsamin da ke bayan kicin.

A gidan aka haife ni. Bayan rasuwar Baba na kwaso kayana na dawo, ina koyarwa a firamare ina kula da Mama, wadda mantuwa ta riga ta fara cin ƙarfinta. Ta manta ranakun mako, ta manta hanyar coci, daga baya ta manta da ni. Sai ta koma kirana "baiwar Allah", in na kai mata abinci ta yi ta godiya kamar baƙuwa. Bishiyarta ce kawai ba ta manta ba, don da hannunta ta dasa ta. Kullum da safe sai ta ja ƙafa ta je gindinta, ta murza ganye ta shinshina, sannan ta yarda ta sha kunu. In ba ta je ba, ko cokali ba za ta buɗe wa baki ba.

Wanda ya sayi gidan ɗakunan ɗalibai zai gina, bishiya kuwa ba ta biyan haya. Wata guda aka ba mu. Da ƙyar na samu ciki da falo a Unguwar Gabas, Sabon Gari, a gidan da aka shafe tsakar gidansa da siminti, ko ciyawa ba ta samun wurin leƙowa.

Kamar ta san abin da ke tafe, shekarar nan bishiyar ta yi 'ya'ya har rassanta na taɓa ƙasa. Ana gobe za mu tashi, na bari Mama ta yi barcin rana, na ɗauki gora na hau bishiyar da duka. Na kakkaɓe nunannu masu ruwan ɗorawa, na tsaya ina kallon ɗanyun. Na san dokar Mama sarai. Ina 'yar shekara bakwai ta taɓa zane ni da tsumagiya saboda na tsinki ɗanyu biyar na yi 'yar carafke da su. "Ɗanye ba a taɓa shi," in ji ta, "a bar shi ya cika kwanakinsa." To amma wane kwanaki ya rage musu? Zuciya ta ɗebe ni, na tsinke su tas, ƙaya na yagar hannuna ina kuka ina tsinka. Buhu uku da baho guda.

Muna isa Sabon Gari Mama ta zauna a bakin gado, ta rungume jakarta ta coci.

"Baiwar Allah, yaushe za a mai da ni gida?"

"Nan ne gida yanzu, Mama. Ga kunu."

"Na gode. Zan sha in na koma."

Ranar farko na ce gajiya ce. Rana ta biyu hankalina ya tashi. Na yi fate, na yi faten doya, na dama koko, duk ta yi godiya ta ture. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai na roƙa. Ni kuma da yake in tsoro ya kama ni hannuna ba ya zama, sai na faɗa wa lemun nan kamar shi ya yi min laifi.

Na goge tukwane da ɓawonsa da toka har ina ganin fuskata a gindin tukunya. Na matse nunannu na cika robobi na jera a firij, aka ɗauke wuta kwana guda, ruwan ya juya ya yi ɗaci. Na cika leda na kai wa maƙwabciyata, wata 'yar kudu mai sayar da kayan miya, ta leƙa ta ce, "Madam teacher, na wetin I go do with all this one?" Na ce ta yi duk abin da ta ga dama. Na aika wa matan zumuntar cocinmu cewa su zo su ga sabon gida, akwai lemo. Suka zo su takwas cikin zafin rana, kowa ta sa rai da na kwalba mai sanyi, na jawo musu buhu. Shugabarmu ta dube ni ta ce, "Malama, ai sai ki faɗi wane iri ne, mu taho da sukarinmu." Aka yi dariya, har ni. Suka yi wa Mama addu'a da waƙa, ita kuwa tana kallon ƙofa.

Kowa ya zo nunanne yake zaɓa. Kafin kwana uku saura ɗanyu zalla, masu tauri kamar goriba. Na binne su cikin yashi mai danshi a baho, yadda Mama ke yi don kada su bushe, na tura bayan ƙofa. Ɓoye mata nake yi, alhali ko ni ba ta gane ba.

Rana ta uku wata nas da muke coci ɗaya ta zo ta duba ta. Ta ja fatar hannun Mama ta saki, fatar ta tsaya. Ta ja ni waje ta ce in ba ta ci komai ba zuwa gobe, sai asibiti a yi mata ƙarin ruwa. Zuwanmu asibiti na ƙarshe sai da aka ɗaure mata hannu da zane saboda tana fizge allura, tana kiran Baba. Na rantse ba zan sake ganin haka ba, ga shi kuma ba ni da wata dabara.

Da la'asar na sake dama kunun gyaɗa. Na duba ko akwai nunanne ɗaya da zan matsa, babu. Na tono ɗanye daga yashi, na zauna a ƙasa kusa da gadonta saboda ba na son in bar ta ita kaɗai. Wuƙa ta ƙi shiga sai da na danna. Ƙamshin koren ɓawon ya tashi, irin na ganyen nan sak.

"Wa ya tsinke wannan?"

Na ɗago. Rabon da in ji wannan muryar an fi shekara biyu.

"Ni ce, Mama."

"Ai na san ke ce. Wa zai yi in ba ke ba? Tun kina ƙarama ba ki da haƙuri. Sau nawa zan gaya miki?"

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Miƙo nan. Ɗanye ba a yanka shi haka, sai an murza."

Ta ajiye jakar. Ta sa na kawo wani, ta ɗora a kan tire ta yi ta murzawa da tafin hannu har ya saki, ta yanka ta matsa a kunun da kanta. Ta ɗebi cokali ɗaya don ta ji tsami. Ta yatsine fuska ta ce ya yi ɗaci, kuma laifina ne. Ta ƙara ɗiba don ta tabbatar. Tana faɗa tana sha, ni kuma na sunkuyar da kai kamar mai laifi, hawaye na ɗiga a kan zanena, ina addu'a kada faɗan ya ƙare kafin kofin.

Washegari na koma baiwar Allah. Amma na gane hanya. Da safe na sa mata ɗanye ɗaya a hannu, ta shinshina, ta ɗaure fuska ta tambayi wanda ya tsinke, na amsa laifina, ta sha kunu.

Sai a lokacin na jawo bahon na tona yashin gaba ɗaya. Wasu har sun fara yin ruwan ɗorawa, nunanne kuwa ba zai sa ta yi min faɗa ba. A Samaru an riga an sare bishiyar. Na yafa gyale na fita na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata, na ce don Allah ledar nan da na kawo mata, ta riƙe nunannun, ta dawo min da ɗanyun.