Magen Gwaggo Ba Dukiya Ba Ce

Farar ƙafarta guda ɗaya na fara gani, a kan katangar da ta raba gidanmu da na Gwaggo a Doguwa. Sauran jikin magen baƙi ne wuluk. Lokacin ina budurwa, kullum da littafin soyayya a ƙirjina, ina jiran wanda zai tsayar da mota a ƙofar gidanmu. Babu wanda ya tsaya. Abin da nake ji ta katanga kawai muryar Gwaggo ce, tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse, tana hira da mage.

"Amarya, kin dawo? Yau kuma gidan wa kika je tsegumi?"

Wata damina magen ta daina ci, idonta ya kumbura yana ruwa. Gwaggo ma ta daina ci. Ta kira ni ta ce, "'Yar nan, malamin dabbobi yana zuwa Tudun Wada ranar kasuwa. Ni ƙafa ta ƙi."

Na sa magen a kwando, na rufe da zanen Gwaggo, na shiga mota. A hanya har na gama tsara likitan a raina: dogo, mai farar riga, zai ɗago mu haɗa ido. Dattijo na tarar, wando a naɗe, kashin shanu har ƙwauri, makiyaya sun kewaye shi.

"Ina dukiyar?" ya tambaye ni, don haka suke kiran shanu.

Na buɗe kwando. Wurin ya ɗauki dariya. Wani makiyayi ya ce, "Ƙwarya nawa ake tatsa a rana?"

Dattijon bai yi dariya ba. Ya nuna mini allurarsa, kauri kamar tsinken tsire. "'Yata, duk abin da ke jakar nan na shanu ne da tumaki. In na yi mata, ni na kashe ta. Masu duba mage suna Kano, unguwar manya."

Na dawo da ita yadda na kai ta. Ba ta kai Juma'a ba. Ta katanga sai shiru.

Bayan shekaru, ɗan Gwaggo ya ɗauke ta ya kai ta gidansa a Kiru. Na je gaishe ta, ba ta gane ni ba. Jikokinta suka ce duk wanda ya kawo mata mage sai ta kore shi, amma har ta rasu ba ta taɓa cinye tuwonta ba. Takan gutsuri loma ta ajiye a gefen tabarma.