Hula da safar da na saƙa wa ɗiyata

Jiya a kasuwar Jega na ɗauki wata hular jarirai, sai na tuna da ɗiyata ta fari.

Tun muna cikin jihar Sakkwato, kafin a raba ta, na yi haihuwar fari a Kuberi, tsakiyar sanyi. Da hannuna na saƙa hula, safa da 'yar rigar ulu. Kwana uku da haihuwa na fito wankan jego, na tarar babu su a kwalla.

Na ce wa uwar mijina, "Inna, ina kayan jaririya?"

Ko kai ba ta ɗago ba. "Na aika ma Hajo Aliero. Nata namiji na, taki ko mace ta, zane ya ishe ta." Hajo ɗiyarta ce, mako guda muka haihu.

Mijina na tsaye, sai ya juya ya fita.

Na naɗe yarinyar da zannuwana. Bayan suna numfashinta ya fara sarƙewa, kafin mu kai asibiti ta cika a hannuna.

Na san kwananta ne ya ƙare. Amma har Inna ta rasu ba ta ce mini "yi haƙuri" ba.

Jama'a, yaya ake yafe wa wanda bai nemi gafara ba?