Shekarar da Muka Ci Iri

Rani biyu na yi ina aiki a kicin ɗin wani Bature mai aikin hanya a Gusau. Ba ni ne kuku ba. Ni ke wanke kwanoni, in fere dankali, in buɗe gwangwani. Amma da na komo ƙauyenmu, can gefen Kurawa, ban ga dalilin tsayawa yi wa mutane wannan dogon bayani ba. Na dawo da tocila, da takalmi sau-ciki, da mabuɗin gwangwani, da kuma ra'ayi guda: duk abin kirki na duniya daga hannun Bature ya fito, namu kwaikwayo ne. A ƙauyen babu gwangwanin da za a buɗe, don haka ra'ayin kaɗai ya samu aikin yi.

Wanda ya fi kowa shan wannan ra'ayi shi ne taubashina, ɗan gwaggona. Majemi ne, kullum yana warin bagaruwa da ɗanyar fata. Bayan la'asar mukan zauna gindin gawon da ke bakin masallaci, ni da shi da duk wanda bai da abin yi. Tun ranar da na dawo ya raɗa mini suna Bature mai zube, saboda tsagen Gobir da ke kumatuna.

"Bature mai zube, yau mi aka ƙago a Ingila?"

"Kai bawa, ka taɓa cin burodi da bota?"

"Na ci. Masa ce da ta yi girman kai."

"Makaroni fa?"

"Taliya ce. Innata tana murza ta da hannu tun ba a haifi Baturenka ba. Shi rami kawai ya yi mata a tsaka, don ya rage gari."

Komai na kawo yana da amsarsa. Sukari mazarƙwaila ce da aka wanke har ta rasa ɗanɗano. Man gwangwani gyaɗarmu ce ta je ta dawo. Yadin kanti audugarmu ce. Inda ya fi zafi shi ne wajen fata. Ya ce jar akuyarmu ake yankawa, shi ya jeme, a loda a mota, ta haye teku, sannan ta dawo takalmi ana kiran ta da sunan wata ƙasa.

"Wanga da ke ƙafarka," in ji shi, "wataƙila ni na jeme shi. Miƙo in shinshina."

Ba kullum yake da gaskiya ba. Ya taɓa rantsewa cewa agogo daga zakara aka sato shi, jirgin sama kuma daga shirwa. Kuma duk sa'ad da akuyarsa ta ɓace, tocilata yake aikowa a ara. In na tuna masa sai ya ce ai wuta ce a kwalba, mu ma muna da wuta, kwalbar ce ba mu kula da ita ba.

Haka muka yi ta yi, ba wanda ya ci, ba wanda ya faɗi, kuma ba wanda abin ya yi wa illa, har fari ya zo.

Wajen shekarar da aka canza kuɗi ne. Damina ta zo ta yi kamar za a yi abin kirki, sannan ta ɗauke gero yana bununi. Gulbi ya zama rairayi. Fulani suka riƙa wucewa kudu da shanu da ake ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, mutanen arewa kuma suka riƙa ƙetaro iyaka da tabarmi da tukunya. A gidanmu aka koma cin ganyen tafasa da yaɗiya, daga baya aka koma anza, wadda sai an yi ta jiƙa ta ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya ragu har a iya haɗiye ta.

Gandunmu a hannun yayana yake tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne da magana ba ta dame shi ba. Cikin ɗan abin da muka girba a shekarar, ya bi zangarniya ɗaya-ɗaya ya zaɓi masu ido, ya ɗaure su dami guda, ya sa a saman madafa inda hayaƙi ke hana ƙwari. Wannan shi ne iri. A wajenmu ba a cin iri. Ba wai doka ce da wani ya kafa ba. Abu ne da ba a ma kawo shi a magana. Ana iya sayar da akuya, a sayar da gado, a sayar da ƙyauren ɗaki, damin nan yana bisa yana kallon kowa.

Namu kuwa ba kowane gero ba ne. Gargasa ce, gajeriyar zangarniya mai gashi kamar na bushiya, wadda tsuntsu ba ya iya sauka a kai. Ba ta da kyan gani, kuma mata ba su son sussukarta don ƙaiƙayi. Amma ruwa kaɗan ya ishe ta ta nuna. Daga kakanmu ta zo.

Da abin ya yi tsanani Yaya ya shirya tafiya kurmi neman abin da za a ci. Da zai fita ya ce mini, "Ga gida nan." Ya ɗaga haɓa wajen madafa. "Abin da ke bisa, ka san shi."

Na ce na sani.

Yana can aka fara rabon abincin agaji a Sabon Birni. Na je da jaki, na sha layi, na samo wa gidanmu buhu. Jar dawa ce daga ƙasar Turawa, buhun da rubutun boko a jiki. Na yi yaƙi da jahilci, ina iya haɗa baƙaƙe, amma Turanci ne, don haka na karanta wa mutane abin da nake ganin ya kamata a ce an rubuta. Ƙwayar duk girmanta ɗaya, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi. Na ɗebo a tafin hannu na kai gindin gawo.

"Ku duba nan. Kowane ido kamar an auna shi. Wanga shi ne hatsi na asali."

Taubashina ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta.

"Dawarmu ce. Ta tafi yawon duniya ta komo a lalace, kamar wasu."

"Kai dai ba ka san abu mai kyau ba."

"Wani direba ya ce mini a can dawaki ke cin ta."

"To ka ga ni? Dokinsu ma ya fi ka cin daɗi."

Aka yi dariya, ni na ci wannan. Amma a gida tuwon ya fito ja wur, da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, kuma yara suka yi ta zawo. Na bayyana wa matar Yaya cewa laifin cikinmu ne, bai saba da abinci mai ƙarfi ba. Ta ce to, Allah ya sa ya saba kafin yaran su ƙare.

Labarin zawon ya kai gindin gawo kafin ni. Taubashina ya tarbe ni da shi, ya yi ta yi har liman ya sa hannu ya rufe baki yana ɓoye dariya. Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce a gaban kowa, bana jar dawar za ni shuka, gandu duka, kuma in kaka ta yi za a ga wanda zai zo aron buhu wurin wani.

"Shuka ta a gayaunarka," in ji shi, "ka bar wa mutane gandunsu."

Shawara ce mai kyau. Da wani ne ya ba ni, da na ɗauka.

Daga nan lissafin ya zo mini da sauƙi. In jar dawa ce iri, to abin da ke saman madafa ba iri ba ne, hatsi ne kawai. Ga matar Yaya tana goyo, nono ya ja baya. Ga yara sun rame. Wannan shi ne dalilin da na faɗa, kuma ba ƙarya ba ne. Amma akwai wasu biyu da ban faɗa ba. Ina son in toshe wa kaina hanyar ja da baya don kada a ce na ji tsoro. Kuma ina marmarin fura. Wata da watanni ban sha ba, har mafarkinta nake yi.

Na taka turmi na sauko da damin. Matar Yaya tana tsaye da ludayi a hannu.

"Mi za ka yi da shi?"

"Kunu za ki dama, don jinjiri."

"Kada ka sa ɗana cikin wagga magana. Bai aike ka ba."

"Ni aka bar wa gida."

"An bar maka. Amma ni ba ni sussukar iri. Nemi wata."

Babu wata. Matan maƙwabta da suka ji ko mene ne, kowacce ta tuna tana da ciwon baya. Ni na zuba zangarniyar a turmi na kama taɓarya, ƙato da ni, a tsakar gida, yara suna leƙe ta kan darni. Gashin gargasa ya shiga mini wuya da hammata, na yi ta susa har fata ta tashi. Da ya zama tsaba ba sauran abin da za a mayar, sai ta karɓa ta surfa ta daka. Yara suka sha har cikinsu ya yi ƙwal. Ita ma ta sha, amma bango ta juya ta fuskanta. Ni kuwa furar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na so a ce ba ta yi ba.

Yaya ya dawo gab da faɗuwar ruwa, da buhun garin rogo a ka, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya gaisa da kowa, ya sha ruwa, ya shiga madafa ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ina iri?"

"Na canza mana, Yaya."

"Da mi?"

Na kawo masa jar dawar a ƙwarya, na fara bayanin yadda ake noma a ƙasar Turawa, wadda ban taɓa zuwa ba. Ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna. Ya bar ni har na gama.

"Ta yi daɗi?"

"Mi, Yaya?"

"Furar."

"Ta yi."

"To, madalla."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Da ruwa ya sauka ya ɗauki sungumi yana sara, ni ina binsa ina jefa jar dawa ina takewa, don babu wani abin jefawa.

Rabinta bai tsiro ba. Wadda ta tsiro ta tsaya iyakar ƙugu, ba ta ƙara ba. Amma ta riga kowa fid da kai. Geron mutane yana ciki tukuna, tamu ta yi ja, kawuna cunkus. Kwanakin nan na hura hanci. Na jawo taubashina har gona, ya tsaya ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "Gajera ce." Iyakar aibin da ya samo ke nan. Na bi gari ina faɗa wa kowa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, daga nan har Isa babu wata gona da ta nuna sai tamu, kuma tsuntsaye ma sun sha farin nan tare da mu. Jan-baki suka zo kamar hadari. Na kafa rumfa a tsakar gona, na ja igiyoyi na rataya gwangwanaye, na yi ta kaɗawa ina ihu ina wurga majajjawa tun hantsi har muryata ta dishe. In na kore su gabas su sauka yamma. Kan jar dawa a buɗe yake, ba gashi ba ƙaya, kamar an ɗora musu a faifai. Abin da muka girba, jaki ɗaya ya kwashe shi bai ko yi nishi ba. Ruwan shekarar kuwa, ko da bai yi yawa ba, irin wanda gargasa ke nuna da shi ne. Ba wanda ya faɗa mini haka. Ba sai an faɗa ba.

Yaya ya nemi irin gargasa. A shekarun baya ya sha ba mutane, don haka ya bi su gida-gida. Wasu sun yi binne ruwa bai zo ba, ya ruɓe a ƙasa. Wasu sun cinye nasu, amma su yunwa ce ta kai su bango, ba su da buhun agaji a ɗaki kamar mu. Aka ce akwai wani tsoho a Gatawa. Yaya ya taka har can, ya tarar nasa ya gauraye da wani gero, gashin ma ya kusa ɓacewa. Ni ma daga baya na yi ta duba kasuwanni, har hayin iyaka. Na ga masu kama da ita. Ban ga ta kakanmu ba.

Da bazara ta sake zagayowa Yaya ya kira ni.

"Gidan gwaggo suna da sauran iri. Kai za ka."

Na so in bari sai duhu ya yi. Ya ce yanzu.

Na tarar da taubashina a majema, hannunsa cikin ruwan bagaruwa har gwiwa, ga abokan aikinsa kewaye. Na yi sallama, na tambayi gwaggo, na tambayi aiki, na tambayi zafi. Ya amsa duka, bai taimake ni da komai ba.

"Iri nake so," na ce.

"Ɗaga murya, Bature, kunnena ya toshe."

"Iri nake so."

"Na wace ƙasa?"

"Na nan."

"Ba mu da na asali fa. Sai kwaikwayo."

"Shi nake so."

Ya bar su suka gama dariya. Sannan ya wanke hannu, muka shiga gida, ya sauko da daminsa ya raba biyu. Ya duba, ya ƙara mini daga nasa kashin.

"Zango ne," ya ce, "dogon kai. Shina son ruwa. In damina ta ɗauke da wuri, ba ya kai. Ka faɗa wa yayanka, kada ya ce ban faɗa ba."

Shi muke shukawa har yau, kuma yadda ya faɗa haka yake. In ruwa ya yi, mu cika rumbu. In ya gaza, mu riga maƙwabta zuwa kasuwa da buhu.

Na kai wa Yaya, na faɗa masa saƙon. Ya warware zangarniyar a kan tabarma, ya bi su ɗaya-ɗaya, ya fitar da biyu da ƙwari suka taɓa, ya sake ɗaure sauran da hannunsa. Na matso da turmi don ya taka ya sa a saman madafa. Ya wuce ni da turmin, ya shiga ɗakinsa, ya rataye damin a kan gadonsa.

Daga ranar har ya bar duniya ban ƙara ganin iri ba sai ranar shuka, shi ma a ƙwarya yake auno mini, in ta ƙare in komo ya ƙara.