Ƙwan Alhaji Sanusi da Motar da Aka Sassauto

Har yau ban manta da safiyar da Alhaji Sanusi ya shigo garejinmu na unguwar Boukoki a Yamai da farar fikof ɗinsa ba. A lokacin ban daɗe da zama shef ba, wato shugaban sashen ƙafafun mota, masu duba taya, birki da duk abin da ke riƙe da mota daga ƙasa. Alhaji mutumin Maraɗi ne da ya daɗe a Yamai, yana da gonar kaji a bayan gari. Fikof ɗin ce ke kawo ƙwai wajen 'yan kasuwar Petit Marché kowace safiya.

Tare da direbansa ya zo, Malam Haruna, wani dattijo ɗan Tawa mai ƙarancin magana. Alhaji ya ce a duba masa amortiso, abin nan da ke shanye jijjigar hanya. Ya ce sau biyu ke nan yana canza su cikin ɗan lokaci, tayoyin gaba suna cinyewa, ƙwai kuma kullum sai an sami fasassu. A gaban direban ya ce shi ya san matsalar, gudu ne da gangancin direba, kuma in na tabbatar masa, yau zai karɓi makullinsa. Malam Haruna ya sunkuyar da kai.

Na fara da abin da kowane makanike ke farawa da shi. Na danna gaban motar da ƙarfina na saki. Lafiyayyen amortiso sau ɗaya yake barin mota ta taso ta tsaya. Wannan sai da ta yi ta lilo. Na leƙa, na ga mai ya zubo ya jiƙe jikinsu duka biyun. Da zan bi son raina, nan zan tsaya in canza su in sallami Alhaji. Amma tayoyin sun dame ni. Ta gefen ciki kawai suka cinye, gefen waje kamar sabo. Gudu ba ya cin taya haka.

Na roƙi Alhaji ya zauna ya sha shayi, na ce Malam Haruna ya zagaya da ni. Muka bi wata hanyar ƙasa mai ramuka. Tuƙinsa a natse yake, tun daga nesa yake sassautawa in ya hango rami, amma duk da haka gaban motar sai ya buga kamar an doka guduma. Na tambaye shi yaushe wannan ƙara ta fara.  Ya ce tun watan da ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa. Ya bar motar hannun Bashir, babban ɗan Alhaji, da ya dawo sai ya tarar ta yi ƙasa. Na ce me ya hana shi faɗa.

Ya ce, "Shef, a gidan nan na aurar da 'ya'yana biyu. Da wane baki zan kai ƙarar ɗa wajen ubansa?"

Da muka koma na hau da ita kan ramin gyara na gareji. Na auna tsayinta daga tsakiyar taya zuwa bakin ƙarfen sama, na ga ta gaza yadda aka ƙera ta da kusan faɗin tafin hannu. Na ciro rasor, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin gaba, sai ga shaidar injin yanka a bakinsa. An datse shi ne don motar ta kwanta, irin yayin da samari ke yi. Rasor ya gajarce, amortiso kuwa mai tsawon asali ne, don haka ba shi da wurin motsi, kowane rami sai ya daki ƙarshensa har ya fashe. Robar da ke tare bugun ta ragargaje. Na kama tayar hagu sama da ƙasa na girgiza, na ji tana kaɗawa. Rotil ɗin da ke haɗa ƙafar da jikin mota ya kusa fita. Da ya fita a kan gudu, tayar za ta kwanta ne da mutum a ciki.

Na yi tunanin yadda zan faɗa ba tare da na ambaci sunan kowa ba. Sai na kira Alhaji ya sauko ramin da babbar rigarsa. Na ɗora yankakken rasor kusa da sabo, na sa hannunsa ya girgiza tayar da kansa. Na ce masa wannan aikin mai injin yanka ne, ba aikin mai tuƙi ba, kuma ba don mai haƙuri ne ke jan motar ba, da tuni an yi asarar da ta fi ƙwai.

Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya tambayi Malam Haruna yaushe aka yi wannan. Dattijon ya ce ba ya gari lokacin. Alhaji ya gyaɗa kai, na ga ya gane.

Ya ce, "Malam Haruna, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini."

Malam Haruna ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kwana biyu muka yi a kan motar. Muka mayar da rasor na asali, sabon amortiso, rotil da robobi, muka daidaita tayoyi. Malam Haruna ne ya zo ya ɗauke ta, kuma shi ya ci gaba da kawo ta duba har ya ajiye tuƙi.

Abin da nake gaya wa masu shigowa wannan sana'a ke nan. Ƙarfen da ya lalace sau da yawa ba shi ne mai laifi ba, wani abu ne ya kashe shi, sai ka nemo abin. Kuma kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, ka shiga motar da wanda ke yini a cikinta. Yakan san ciwonta sarai, sai dai ba koyaushe yake da damar faɗa a gaban mai ita ba.