Ragowar Farantan Yara

Shekara ashirin da biyu Uwar Kicin tana dafa wa yaran wata makaranta abincin rana, kuma in ka tambaye ta sai ta rantse maka ita ba ta cin komai. Da gaskiyarta, ba wanda ya taɓa ganin ta zuba abinci a faranti ta zauna. Amma jiki sai ƙaruwa yake, har gwiwa ta ce ta gaji. Matakala biyar ɗin ƙofar kicin, sai ta huta a ta uku.

Likita bai ɓoye mata ba. Ya ce ba zai yi mata aikin gwiwa ba sai ta rage kilo goma sha biyar, ga ciwon suga ya fara leƙowa, in kuwa ta yi wasa ƙarshenta keken guragu. Ta fito tana sababi. Me za ta rage, iska? Ta daina karin kumallo, ta sha shayin rage ƙiba har ta gaji da zaryar bayi. Wata biyu cur, ma'auni ko gezau. Takaici ya ishe ta, ta ce ai ma'aunin ne ya lalace.

Sai babbar 'yarta ta ɗauki hutun yini guda, ta bi ta wurin aiki da roba a hannu. Ta ce duk abin da hannu ya ɗauko zai kai baki, a jefa shi nan. Uwar Kicin ta yi tsaki, ta ce aikin banza.

Ɗanɗanon gishiri kaɗai, cokali shida. Ga burodin da wani ya gatsa ya bari, ga rabin ƙwai, ga ƙanzon gindin tukunya, ga taliyar da masu tsirfa suka ture. Kafin ƙarfe biyu roba ta cika har ta yi tozo.

Kunya da haushi suka taru suka kama ta. Ita fa a gidan da ake kwana da yunwa ta tashi, inda ko ƙwayar shinkafa ce ta faɗi sai an tsince ta.

"Mama, abin da kike ci ke nan kullum, a tsaye."

"To sai a zubar? Abinci ne fa."

"Ko shi, ko ƙafarki."

Uwar Kicin ta ɗauki robar, ta ɗingisa har bakin kwandon shara, ta daɗe a tsaye. Hannun da ke sauke ƙatuwar tukunya shi kaɗai ya kasa karkata 'yar roba. Can ta miƙa wa 'yarta, ta juya baya.

"Ke zubar," in ji ta. "Amma gobe fa ba kya nan."