Inna Batulu, Mai Roƙon Buta a Limancin Kona

Da hantsi take fitowa, ta bi lungu idonta a ƙasa. Inda ta ga rariya na zubo da baƙin ruwa, nan za ta yi sallama. A gaisa, a tambayi yara, sai ta ce a ba ta buta. Ba a hana baƙuwa buta. Kafin ta fito daga makewayi ta gama ganin inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi, da inda yake kwanciya.

Wannan ita ce Inna Batulu, ma'aikaciyar tsafta ta ƙaramar hukuma, wadda ta ajiye aiki a watan nan. Duba-gari maza iyakarsu zaure, ita ke ganin ciki. Matan unguwa sun daɗe suna tsokanarta wai mararta ba ta riƙe ko kofin shayi. Ta bar su a haka.

Na dawo daga karatu a Indiya a 1991, na tarar an rufe rijiyar unguwarmu da murfin ƙarfe da kwaɗo. Amai da gudawa ya ɗauke mana mutane, gwaji kuma ya nuna ƙazamin ruwan lungu na tsatsafowa cikinta. Ofishin lafiya ya ce in ba ta gyaru ba kafin damina mai zuwa, cike ta za a yi. Famfo kuwa sai ya ga dama. Tsofaffi na zuwa wasu unguwanni da bokiti.

Gida-gida Inna Batulu ta bi. Ta nuna wa mata inda za a haƙa rami nesa da rijiya, a cika shi da tsakuwa da gawayi da yashi, ruwan gida ya tace a ciki, ragowar ya bi lambatun hukuma zuwa kududdufi. Mazan gida su haƙa, ita ta dawo ta roƙi buta ta duba.

Saura gida ɗaya, mafi kusa da rijiyar, gidan Maijidda mai daddawa, wadda ruwan wankin kalwarta ke malala kullum. Maijidda ta gano dabarar, ta ɓoye butocin gidan kaf.

"Yau ko gwangwani babu, Batulu. Riƙe kayanki har gida."

"To Yaya, tunda ba kewayawa, matsa in taya ki wanki."

Ta zauna ta wanke kalwa. Da baho ya cika ta ɗora a ka, ta kai kududdufi ta zubar, ta dawo ta ɗauki wani. Washegari ma haka. Mace mai jikoki, ruwan kalwa na bin wuyanta, tana ratsa gaban malamai masu karatu a ƙofar masallaci. Rabi maƙwabciyarsu ta ce da idonta ta ga Malam Jibril, mijin Maijidda, ya tashi ana tsakiyar karatu ya tafi aron diga don haƙa ramin. Maijidda ta yi ta faɗa wai an mai da ita abin nuni, amma daga murhunta gawayin ramin ya fito.

Aka sake gwaji, ruwa ya fito garau. Ranar da aka cire kwaɗon ina wurin. Dattawan unguwarmu, masu tafiya a hankali, ga su suna rige-rigen guga. Guɗar mata na tashi ta bayan katanga ko'ina. Har yau daga rijiyar nan muke sha.

Inna Batulu, ke ce mai shiga inda takardar hukuma ba ta shiga. Ba ki kai ƙarar kowa ba, ba ki tona asirin makewayin kowa ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. 'Yan matanmu masu fitowa daga makarantar koyon tsafta, rariyoyin birni ba su ƙare ba, ku bi sawunta ku wuce zaure.

Ranar sallamar Inna Batulu daga aiki, Maijidda ta zo da sabuwar buta cike da ruwan rijiyar, ta dire mata a gaba.

"Ungo, ki daina yawon roƙo."

Inna Batulu ta ɗaga ta kafa kai ta sha.